Iyafis da Ramin Kunne: Me Ke Kawo Zama Daram, Daɗi da Sauti Mai Kyau?

Koke uku ne suka fi yawa a bakin masu amfani da iyafis. Wani ya ce ba ya zama, da ya yi taku biyu sai ya zame ya faɗi. Wani ya ce kafin a gama labaran rana a rediyo kunnensa ya fara zafi. Na uku kuma ya ce sautin ba shi da kauri, sai tsiwa kawai. Galibi hukunci ɗaya ake yankewa: an sayar mini da jabu, ko kuma kuɗina ne bai kai na mai kyau ba. Jabu kam akwai shi a kasuwa, ba wanda zai musa. Sai dai sau da yawa koken nan uku tushensu ɗaya ne, kuma ba a cikin na'urar yake ba. Yana wurin 'yar robar da ke bakinta, wadda ake barin sauran 'yan'uwanta a kwali a jefar tun ranar da aka saya.

Batun ya wuce jin daɗin waƙa ko karatu. Robar da ba ta dace da kunne ba ita ce ke sa mutum ya ƙure murya, ƙure murya kuwa shi ke cin ji a hankali.

Ma'anar kalmomi

Iyafis kalmar aro ce daga Ingilishi, ana nufin ƙaramar na'urar sauraro da ake sawa a kunne, saɓanin hedfon wanda ke ɗaure kai ya rufe kunne daga waje. Iyafis iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya yana daga cikin abin da ke rikita mutane. Akwai mai kai mai tauri, wanda ke zama a kwarin kunne na waje ba tare da ya toshe rami ba, irin wanda ke zuwa da tsofaffin wayoyin Nokia ko AirPods na farko. Akwai kuma mai ɗan bututu da aka sa wa hular roba, wanda ke shiga cikin ramin kunne ya toshe shi. Na biyun nan ne abin dubawa a nan.

A cikin kowane iyafis akwai 'yar sifika, wato lasifika ƙarama mai tantani da maganaɗisu. Tantanin ne ke kaɗawa ya tura iska, iskar ta bugi dodon kunne, mutum ya ji sauti. Ana auna saurin kaɗawar da hatz, wato sau nawa iska ta kaɗa a daƙiƙa ɗaya. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga hatz 20 zuwa kusan 20,000. Sautukan ƙasa masu kauri, irin na tambari ko rugugin hadari, su ake kira bes. Na sama masu kaifi, irin sautin "s" da "sh" a magana, su ne tirebul. Muryar mutum tana tsakiya. Ƙarfin sauti kuma da desibel ake auna shi: hirar mutum biyu tana kusan desibel 60, titi mai cunkoso yana kai 80 ko fiye.

Kalma ta ƙarshe ita ce toshewa. Ana nufin roba ta manne da bangon ramin kunne ta kowane gefe, ba ta bar kafar da iska za ta bi ba. Kusan duk bayanin da zai biyo baya a kanta ya rataya.

Daga ina abin ya taso

Sauraro a keɓe ya zama ruwan dare ne bayan kamfanin Sony ya fito da Walkman a 1979. Amma iyafis mai toshe rami daga wani gida ya fito, gidan masu kula da lafiyar ji. Kamfanin Etymotic Research na jihar Illinois a Amurka, wanda Mead Killion ya kafa a 1983, ya fara ne da kayan gwajin ji, sannan a 1991 ya fitar da ER-4 don masu sauraron kiɗa. A 1995 kuma Jerry Harvey, wani mai haɗa sauti a dandamali, ya ƙera wa Alex Van Halen, makaɗin ganga, iyafis na musamman domin ya riƙa jin abokan kiɗansa duk da hayaniyar dandamali. Ke nan tun asali manufar ita ce a tare hayaniyar waje, don a ji abin da ake so ba tare da ƙure murya ba.

Daga 2016, lokacin da Apple ya cire ramin jona iyafis daga iPhone 7 ya kuma fito da AirPods, kasuwa ta karkata zuwa marasa waya masu aiki da Bluetooth. Yau a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko Computer Village a Legas, kayan Oraimo, Samsung, JBL da wasu masu yawa sun cika teburori. Siffa ta sauya, farashi ya sauko, amma ramin kunnen ɗan'adam yana nan yadda yake.

Yadda ramin kunne yake

Ramin kunnen babba tsawonsa kusan santimita biyu da rabi ne, faɗinsa kuma kusan milimita bakwai, kodayake ya bambanta sosai daga mutum zuwa mutum. Ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa biyu. Bakinsa ma ba cikakkiyar da'ira ba ce, ya ɗan yi tsawo ta gefe ɗaya. Kashi ɗaya cikin uku na waje guringuntsi ne, mai ɗan laushi, a nan ne gashi da dauɗar kunne suke. Sauran na ciki ƙashi ne da fata siririya a kansa, shi ya sa taɓa shi ke da zafi.

Abu biyu ne ya kamata a riƙe daga wannan. Na farko, gaɓar muƙamuƙi tana dab da gaban ramin, don haka duk lokacin da mutum ya yi magana, ya tauna ko ya yi hamma, siffar ramin tana ɗan sauyawa. Robar da ta zauna lafiya lokacin da baki ke rufe tana iya sakin kafa da zarar an fara cin gyaɗa. Na biyu, kunnen dama da na hagu ba lallai su zo ɗaya ba. Mutane da yawa suna fama da ɓangare guda da ke zamewa kullum, ba su taɓa tunanin sa masa roba mai girma dabam da ta ɗayan ba, alhali wannan abu ne da aka saba gani.

Abin da ke faruwa idan iska ta sami kafa

Sifikar iyafis ƙarama ce ƙwarai, yawanci faɗinta tsakanin milimita 6 ne zuwa 12. Abu mai wannan ƙanƙanta ba zai iya cika ɗaki da bes ba. Dabarar ita ce a kulle shi da dodon kunne a cikin ɗan ƙaramin fili guda, ta yadda duk motsin da tantani ya yi zai zama matsin iska a kan dodon kunne kai tsaye. Muddin filin a rufe yake, ko motsi kaɗan ya isa ya ba da bes mai nauyi.

Idan akwai kafa, labari ya sauya, kuma ba daidai yake shafar dukkan sautuka ba. A ɗauki zugazugin maƙeri da ya sami huda a jiki. In aka matsa shi a hankali, iskar duk ta huda za ta zurare, ba abin da zai kai ga wuta. In aka matsa da sauri, iskar ba ta da lokacin tserewa duka, wani kaso zai isa. Bes motsi ne na a hankali, shi ya sa shi ne ke fara ɓacewa. Tirebul motsi ne na sauri, sai ya tsaya. Sakamakon shi ne sautin nan mai tsiwa da ake ɗora wa laifin jabu.

Kafar da ke fitar da bes ita ce kuma ke shigo da hayaniyar waje. Mai sauraro a cikin adaidaita sahu, ko kusa da janareta ko injin markaɗe, yana rasa kaurin sautinsa, hayaniya kuma tana danne abin da ya rage. Abin da hannunsa zai yi shi ne ƙara murya. Akwai ma wani dalili da ke ƙara tura shi: tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna cewa kunne ba ya jin bes sosai idan murya tana ƙasa. Don haka wanda ke neman kaurin da ya zurare ta kafa zai yi ta ƙara murya, bes ya ɗan dawo, amma tirebul ya kai matakin da ke gajiyar da kunne.

Akwai wani abu da masu ƙera iyafis ke kokawa da shi wanda mai saye bai cika sani ba. Ramin kunne idan a buɗe yake, shi da kansa yana ƙara wa sautukan da ke kusa da hatz 3,000 ƙarfi, kuma ƙwaƙwalwa ta saba da hakan tun haihuwa. Toshe ramin yana kawar da wannan ƙarin, sai injiniya ya mayar da shi a cikin na'urar. Lissafinsa ya ginu ne a kan cewa iyafis zai shiga zuwa wani zurfi kuma ya toshe. In ya tsaya a bakin rami kawai, abin da mai sauraro ke ji ba shi ne abin da aka tsara ba, ko nawa ya biya.

Zaɓen roba da yadda ake sawa

Yawancin iyafis suna zuwa da roba iri uku: ƙarama, matsakaiciya da babba. Matsakaiciyar ce ake maƙalawa daga masana'anta, kuma a nan mutane da yawa ke tsayawa. Ya kamata a gwada duka ukun, kowane kunne da kansa.

Sawar ma tana da ƙa'ida. A duba alamar L ta hagu da R ta dama, domin bututun a karkace yake daidai da lanƙwasar kowane kunne. Idan kunnen dama za a sa wa, a ɗaga hannun hagu ta saman kai a kama saman kunnen, a ja shi sama da baya kaɗan. Wannan yana miƙar da lanƙwasar farko. Sai a ɗan buɗe baki, a tura iyafis a hankali ana murza shi kaɗan, sannan a saki kunnen ya kama robar. Ba a buƙatar ƙarfi. In sai an danna da ƙarfi yake shiga, robar ta yi girma.

Gane ko an sami toshewa ba shi da wuya. Tun kafin a kunna komai, hayaniyar ɗaki za ta ja baya, fanka ta yi nisa. In mutum ya yi ɗan gunji da baki a rufe, zai ji muryarsa ta cika masa kai. In ya ja iyafis waje kaɗan, zai ji kamar yana riƙewa. Gwajin da ya fi fito da gaskiya shi ne a kunna abu mai ganga, a danna iyafis da yatsa: in bes ya taso da aka danna, ya gudu da aka saki, to robar ta yi ƙanƙanta ko siffarta ba ta dace ba. Daga nan a yi hamma, a tauna, a girgiza kai, a ga ko zai tsaya. Wasu marasa waya suna da wannan gwaji a cikin manhajarsu. AirPods Pro na 2019, alal misali, yana amfani da makirufon da ke fuskantar cikin kunne ya auna ko sauti yana zurarewa.

Wani abin mamaki shi ne zamewa ba kullum ke nuna roba ta yi ƙanƙanta ba. Babbar roba ma tana zamewa, domin tana naɗewa a bakin rami, ramin kuma ya riƙa turo ta waje sannu a hankali. Wanda nasa ke fita bayan minti goma ya gwada ƙarama ya tura ta ɗan zurfi, kafin ya yanke cewa kunnensa ne ba ya karɓar iyafis.

Mai sayen roba dabam a kasuwa ya lura da faɗin bututun na'urarsa. Robar da ta yi wa bututu yawa tana iya cirewa ta maƙale a kunne. In hakan ta faru, kada a bi ta da tsinke ko ashana, a je asibiti a cire. Cire iyafis ma a hankali ake yi, ana murzawa don iska ta shiga, ba a fizge shi.

Silikon ko soso, zurfi ko baki

A nan masu sha'awar sauti suka rabu. Silikon wata irin roba ce mai santsi da laushi, ita ce ke zuwa da yawancin iyafis. Tana daɗewa, ana wanke ta, sawa da cirewa ba wuya. Aibinta shi ne gumi da maiƙon fata suna sa ta santsi, kuma ba ta bin siffar rami sosai.

Ɗaya kuma soso ne mai komawa siffarsa a hankali, wanda samfurin Comply ya yi suna a kansa. Ana murza shi tsakanin yatsu ya siranta, a sa a kunne, a riƙe na kusan daƙiƙa ashirin har ya kumbura ya cika ramin. Masu goyon bayansa suna cewa ya fi toshewa, ya fi riƙewa, kuma ba ya danna wuri guda. Masu suka suna cewa yana ɗan rage kaifin tirebul, yana shan gumi da dauɗa, kuma cikin 'yan makonni ko watanni yake lalacewa. Duka ɓangarorin suna da gaskiya. A yanayin zafin watan Maris da Afrilu a ƙasar Hausa, ga ƙurar hunturu, soso zai fi saurin ƙazanta, kuma samun na canji ba ko'ina ba ne. Ga yawancin mutane silikon da ya dace ya wadatar. Soso na wanda ya gwada girma uku bai dace ba ne, ko mai aiki a wuri mai hayaniya sosai.

Akwai kuma roba mai hawa biyu ko uku, wadda ke shiga da zurfi. Ita ce ta fi tare hayaniya, amma ba kowa ke jure ta ba. Wasu ma tari take sa su, saboda wata jijiya da ke ratsa bangon ramin kunne tana da alaƙa da maƙogwaro. A can sama da duka akwai wanda ake ƙerawa daidai kunnen mutum bayan masanin ji ya ɗauki siffar ramin, irin na mawaƙan dandamali. Tsadarsa ta sa ba na kowa ba ne.

Zafi, matsi da jin motsin jiki

Ciwon iyafis yana da wurare, kuma wurin yana faɗin dalili. In cikin rami ne ke zafi, roba ta yi girma ko ta yi zurfi. In kwarin kunne na waje ne, jikin na'urar ne ya yi wa kunnen girma, kuma canza roba ba zai magance ba. Wannan ya fi yawa a marasa waya, tunda batir da sauran kayan aiki duk a cikin jikin suke. Mata masu sa iyafis a ƙarƙashin hijabi ko ɗankwali sun fi jin wannan, domin ɗaurin yana danna na'urar cikin kunne. Mai ɗan ƙaramin jiki da ba ya turowa waje ya fi musu sauƙi.

Wasu kuma ba ciwo ke damun su ba, jin kamar kunne ya cika ne, da jin takunsu, taunarsu da numfashinsu. Dalili shi ne sautin da ke bi ta ƙashin kai yana shiga ramin kunne, kuma da ramin a buɗe yake da ya fice. Da aka toshe sai ya koma kan dodon kunne. Wannan alama ce ta toshewa ta yi, ba lalacewa ba ce. Iyafis masu 'yar hudar daidaita iska suna rage shi. Mai waya kuma, in gogar wayar da riga tana damun sa, ya zagaya ta ta bayan kunne ko ya maƙale ta a wuyan riga.

Duk yadda ya zauna da kyau, fatar ramin tana buƙatar iska. Cire shi na 'yan mintuna bayan kowace awa yana rage zafi da danshi.

Inda ake saɓani kan sauti

Shin mai tsada ya fi? Zuwa wani mataki, e. Amma binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman ya nuna cewa abin da ya fi tasiri a kan ko mutane za su so sauti shi ne daidaiton bes, tsakiya da tirebul, kuma farashi ba ya hasashen wannan daidaiton sosai. Yawan sifiku a cikin iyafis ɗaya, wanda ake tallatawa a jikin kwali, shi ma ba hujja ba ne.

Wasu suna cewa sabon iyafis sai an bar shi yana kiɗa na awanni da yawa kafin muryarsa ta buɗe. Aune-aunen da aka yi ba su nuna wani babban sauyi ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne kunne ne ke sabawa, mai shi kuma yana ƙara iya sawa.

Game da Bluetooth, gaskiya ne yana matse sauti kafin ya aika, ta hanyoyi irin su SBC, AAC, aptX da LDAC. Amma bambancin da ke tsakaninsu ƙarami ne in aka kwatanta da bambancin roba mai toshewa da marar toshewa. Abin da ya fi shafar mai sauraro shi ne asalin fayil ɗin. Waƙa ko wa'azin da aka matse sosai don ya yi sauƙin turawa ya riga ya rasa wani abu, ba iyafis da zai dawo da shi. Tsoron da ake yaɗawa cewa Bluetooth yana kawo cutar daji kuwa bincike bai tabbatar da shi ba, kuma ƙarfin siginarsa bai kai na ita kanta wayar da ake karawa a kunne ba.

Sai fasahar kashe hayaniya. Makirufo ne ke ɗaukar hayaniyar waje, na'urar ta samar da kishiyarta, su biyun su soke juna. Tana aiki sosai a kan ƙara mai kauri da ba ta sauyawa, irin ta janareta, injin mota ko jirgin sama. Ba ta da ƙarfi a kan muryoyin mutane da hon. Waɗannan roba ce ke tare su. Ita ma fasahar sai da toshewa take cika aikinta. Masu jabun kaya kuwa sukan rubuta sunanta a kwali ba tare da tana ciki ba.

Wanda ya sami toshewa amma sautin bai yi masa ba, ya gwada ikwalaiza, wato ma'aunin da ke cikin waya ko manhaja mai ƙara ko rage bes da tirebul. Rage abin da ya yi yawa ya fi ƙara abin da ya yi kaɗan tsabtar sauti.

Ƙarar murya da lafiyar ji

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro marar kiyayewa. Ƙa'idar da ta fitar tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ba babba awa 40 a mako a desibel 80, yaro kuma awa 40 a desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 83 awa 20, a 86 awa 10, a 92 awa biyu da rabi, a 101 kuwa ƙasa da minti 20 a mako guda. Waya da iyafis da aka ƙure suna iya haura desibel 100.

A can cikin kunne, a wani sashe mai siffar katantanwa, akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kusan 16,000 da ke mayar da motsi zuwa saƙon jijiya. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Ɓarnar takan fara ne a wajen hatz 4,000, inda baƙaƙe irin su "s", "f" da "ts" suke, shi ya sa alamar farko ba kurumta ba ce. Mutum zai ce yana jin ana magana amma ba ya ganewa, musamman a taro. Wata alamar ita ce kunne ya riƙa ƙara shi kaɗai, ko ji ya dushe bayan an cire iyafis.

Wasu suna ganin iyafis mai shiga rami ya fi haɗari tunda ya fi kusa da dodon kunne. Abin da ke ɓarna shi ne ƙarfin sautin da ya isa dodon kunne da tsawon lokacinsa, ko daga ina ya fito. A wuri mai hayaniya ma, mai toshewa ya fi kariya, domin mai shi ba ya buƙatar yin gasa da janareta. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na muryar waya. Gargaɗin da waya ke fitarwa idan an zarce ba ado ba ne, kuma wayoyi da dama suna da wurin da ake sa iyakar murya, abin da ya dace iyaye su yi wa wayar da yara ke riƙewa. Wanda ya ga alamun da aka ambata ya nemi gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti, ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Toshewa tana da nata haɗarin a kan titi. Mai tuƙa babur ko keke, da mai tsallaka hanya, suna buƙatar jin hon da ƙarar abin da ke tahowa ta baya. A nan a cire, ko a kunna tsarin da ke shigo da sautin waje in na'urar tana da shi.

Dauɗa, gumi da ƙura

Dauɗar kunne ba ƙazanta ba ce zalla. Tana kare fatar rami daga bushewa da ƙwayoyin cuta, kuma da kanta take fitowa sannu a hankali. Sa iyafis na tsawon yini yana iya hana ta fita, auduga mai tsinke, gashin kaza ko murfin biro kuma suna ƙara tura ta ciki. Kunne a toshe, da ɗumi da danshi, wuri ne da ƙwayoyin cuta da fumfuna ke so. Saboda haka a bar kunne ya bushe bayan wanka ko alwala kafin a sa iyafis, kuma a rage al'adar aron na aboki. In kunne yana ƙaiƙayi, yana ciwo ko yana ruwa, a ajiye iyafis har sai likita ya duba.

Ita ma na'urar dauɗar tana kama ta. A bakin bututu akwai 'yar raga, kuma yawancin koken cewa ɓangare ɗaya ya rage murya daga toshewar ragar nan yake, ba daga mutuwar sifika ba. A cire roba, a juya bututun ya kalli ƙasa, a goge ragar da busasshen burushin haƙori mai laushi don dattin ya zubo waje. Allura tana huda ragar. Robar silikon a wanke ta da ruwa da ɗan sabulu, a bari ta bushe sarai kafin a mayar. Soso kuwa shafa shi ake yi da ƙyalle mai ɗan danshi, in ya daina kumbura a canza.

Marasa waya suna da ƙarin abin lura. Ƙurar hunturu da gumi suna taruwa a kan 'yan ƙarafan caji da ke jikinsu da cikin gidansu, sai ɓangare ɗaya ya ƙi caji. Busasshen ƙyalle yana gyara wannan. Alamar IPX4 da ake gani a kwali tana nufin na'urar tana jure gumi da fantsamar ruwa, ba nutsewa ba, kuma sau da yawa ba ta haɗa da gidan cajin ba. Zafi yana rage kwanan batir, don haka kada a bar su a gaban mota cikin rana ko a kan taga.